Sauya Allon Agogunan Bas da Mai Cikakkun Agoguna

Allon agoguna shi ne akwatin da ke bayan sitiyari, yana fuskantar direba, ɗauke da agogon gudu da agogon mai da ƙananan fitilu masu launi. Ta nan ne inji ke sanar da direba halin da yake ciki. Kamfanonin ƙera motoci sukan fitar da samfurin mota ɗaya da allo iri biyu ko uku. Wadda aka ƙera domin iyali takan zo da agoguna masu yawa, wadda kuwa aka ƙera domin dakon kaya takan zo da allo mai arha: agogon gudu, agogon mai, wani lokaci da na zafin inji, sauran duk fitilu ne.

Da yawa daga cikin bas-bas ɗin haya a Najeriya da Nijar motocin kaya ne da aka shigo da su na hannu daga waje, aka jera musu kujeru, don haka da allon nan mai arha suke zuwa. Volkswagen T3, wadda aka ƙera a Turai daga 1979 zuwa 1992, wadda kuma ita ce ta fi yawa cikin danfon Legas, sau da yawa babban agogon lokaci ne ke zaune a gurbin agogon juyin injinta. Haka nan wasu samfuran Toyota HiAce na kaya, har da ƙirar da ta fito a 2004 wadda direbobi ke kira Hummer, sun zo babu agogon juyin inji. Sauya irin wannan allo da cikakke aiki ne da mai wayarin zai iya yi, amma ba ya yin amfani sai agogunan da aka sa suna faɗar gaskiya. Yadda ake tabbatar da haka shi ne abin da wannan darasi zai bayyana.

Bambancin fitila da agogo

Fitilar gargaɗi abu biyu kawai ta sani: a kunne ko a kashe. Agogo kuwa yana nuna adadi, kuma yana nuna inda adadin ya dosa.

Baƙin mai ne ya fi fito da wannan bambanci. Fitilarsa tana aiki da wani ɗan makunni da ke ɗaure a jikin inji, kuma a yawancin motoci makunnin ba ya kunna ta sai matsin baƙin mai ya faɗi zuwa wajen bar 0.3 ko 0.5. Inji mai lafiya da ke tafiya a kan hanya yakan ba da bar 2 zuwa 4. Littattafan gyara na injunan Volkswagen da dama sun ƙayyade cewa kada matsi ya gaza bar 2 a juyi 2,000 cikin minti ɗaya, idan zafin baƙin mai ya kai digiri 80. Ke nan bas na iya yin watanni tana tafiya da bar 1, injinta yana cin kansa a hankali, fitila ba ta kama ba ko sau ɗaya. Ranar da ta kama ana tsakiyar gudu, sau da yawa ɓarna ta riga ta auku, sai dai a ji inji ya buga.

Bas ta fi ƙaramar mota buƙatar agoguna saboda dalilai uku. Tana ɗaukar lodi mai nauyi, tana yin doguwar tafiya cikin zafin rana, kuma injinta a ɓoye yake. Na HiAce yana ƙarƙashin kujerun gaba, na T3 kuwa yana can baya, inda direba ba ya ganin tururi, ba ya jin ƙauri da wuri.

Agoguna shida da aikin kowanne

Cikakken allo yakan ƙunshi agoguna shida.

1. Agogon gudu. Yana nuna kilomita nawa mota ke ci a awa ɗaya, kuma a jikinsa ne lissafin jimillar tafiyar mota yake.

2. Agogon juyin inji. Yana nuna sau nawa inji ke juyawa a minti ɗaya. Injin fetur da ya yi ɗumi yakan tsaya tsakanin juyi 700 da 900 idan ba a taka totur ba. Da shi direba ke sanin lokacin sauya giya, da shi kuma ake gane kuloci ya fara santsi, domin juyi zai hau amma gudu ba zai ƙaru ba.

3. Agogon mai. Yana karanta wata na'ura mai ɗan balan-balan da ke yawo a saman mai cikin tanki.

4. Agogon zafin ruwa. Yawancin injuna suna aiki daidai tsakanin digiri 85 da 100. Murfin lagireto mai kyau yana riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120.

5. Agogon matsin baƙin mai. Da safe, inji na sanyi, allurarsa takan hau sama, sai ta sauko idan mai ya yi zafi ya tsinke.

6. Agogon ƙarfin wuta. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake. Idan inji yana aiki kuma altaneta tana caji, adadin yakan kasance tsakanin 13.8 da 14.4.

Ba kowane abu mai allura ba ne agogon gaskiya. Tun daga ƙarshen shekarun 1980, motocin Ford da yawa sun fito da agogon baƙin mai wanda makunni ne ke tuƙa shi: muddin akwai ɗan matsi, allura takan tsaya a tsakiya, ba ta hawa, ba ta sauka. Haka nan agogon zafi na motocin zamani da dama an tsara shi ya kafe a tsakiya, ko ruwa yana digiri 80 ko yana 100. Wajibi ne mai aiki ya binciki irin agogon da ke cikin allon da zai saya, don kada a kashe kuɗi a kan fitila mai kama da agogo.

Sassa uku na kowane agogo

Kowane agogo yana da sassa uku: sensa da ke ɗaure a inda ake awo, wayar da ke ɗauko saƙo, da agogon kansa. Sauya allo sashe ɗaya kawai yake kawowa. Idan mota ba ta da sensar da ta dace, ko babu wayar da za ta kai saƙo, sabon agogo zai zauna shiru ko ya faɗi abin da ba haka ba.

Yadda sassan nan ke haɗuwa ya danganta da zamanin motar, kuma zamanin uku ne.

A zamani na farko, agogon gudu yana aiki da kebul mai juyawa, wanda ke tasowa daga giyabos, ko daga ƙafar gaba ta hagu kamar yadda yake a T3. Kowane agogo yana da wayarsa da sensarsa. Irin waɗannan motoci sun fi sauƙin aiki, domin duk abin da ya rasa ana iya ja masa waya.

A zamani na biyu, wanda ya yaɗu a shekarun 1990, sensar lantarki ta maye gurbin kebul. Lissafin kilomita ya koma rubutun lantarki, kuma wasu saƙonni, kamar na juyin inji, sukan fito daga ƙwaƙwalwar mota.

A zamani na uku, allon kansa ƙaramar kwamfuta ce da ke magana da ƙwaƙwalwar mota ta wayoyi biyu da aka murɗe tare. Wannan tsari shi ake kira CAN, kuma kamfanin Bosch ne ya fito da shi a 1986. A irin waɗannan motoci saƙon juyi da na zafi suna nan a kan layi ko da tsohon allo ba ya nuna su, don haka sau da yawa ba a buƙatar sabuwar waya. Sai dai dole a saita sabon allo da kwamfutar gwaji kafin ya yarda da motar.

Zaɓen allo a kasuwa

Allunan na hannu ana samunsu a kasuwannin kayan gyaran mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas. Kamannin waje ba sa isa a yanke hukunci, domin alluna biyu na iya shiga rami ɗaya amma cikinsu ya bambanta. Abin da ya fi shi ne a tafi da tsohon allo a hannu, ko aƙalla hotonsa gaba da baya tare da lambar da ke manne a jikinsa, sannan a duba waɗannan abubuwa.

Ƙira da shekara. Allon ya fito daga samfurin mota ɗaya da ƙira ɗaya. Kamfanoni sukan sauya tsarin wayoyi a tsakiyar ƙira, don haka kusancin shekara yana da muhimmanci.

Fetur ko dizal. Agogon juyi na injin fetur yakan kai 7,000 ko 8,000, na dizal kuwa yakan tsaya wajen 5,000 ko 6,000, kuma inda suke samun saƙo ya bambanta. Allon dizal yana da fitilar hita, wadda na fetur ba shi da ita.

Yawan silinda. Inji mai silinda huɗu yana ba da tartsatsi biyu a kowane juyi, mai silinda shida yana ba da uku. Idan aka sa agogon mai huɗu a mota mai shida, zai ƙara rabin adadi a kan gaskiya, wato juyi 800 zai bayyana a matsayin 1,200.

Irin giya. Allon mota mai giyar otomatik yana da haruffan giya, na mai giyar hannu ba shi da su.

Mil ko kilomita. Motocin Amurka da na Ingila da mil suke lissafi, kuma mil ɗaya daidai yake da kilomita 1.609. Direban da ya ga 60 a agogon mil yana tafiyar kusan kilomita 97 a awa, alhali dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa bas ɗin haya 90 a kan babbar hanya mai tagwayen layi.

Ƙarfin wuta. Yawancin ƙananan bas-bas na bolt 12 ne, amma manyan motocin dizal da yawa na bolt 24 ne, kuma allonsu ba ya aiki a ƙaramar bas.

Soket. A ƙirga ƙafafun soket, a duba siffarsa. A nemi mai kaya ya yanko soket ɗin motar da aka ciro allon, tare da guntun wayoyinsa kamar taƙi guda, domin launin wayoyin nan ne zai zama jagora idan aka zo haɗi.

Kafin a biya kuɗi a amince da mai kaya cewa za a dawo da allon idan bai yi aiki ba.

Cire tsohon allo

Kayan aikin da ake buƙata su ne sukudireba iri-iri, ƙananan sifana, mitar gwajin wuta, ƙarfen liƙin dalma, robar rufe waya mai tsukewa da zafi, da zanen wayarin motar. Zanen nan shi ne mafi muhimmanci cikinsu, domin shi ke faɗar aikin kowace ƙafa a soket.

Kafin a taɓa komai, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a lura da fitilun da suka kama, a rubuta su. A rubuta lissafin kilomita da kwanan wata, a ɗauki hotonsa. Sannan a kashe mota, a cire baƙar wayar batir, wato ta at. Idan motar tana da jakar iska ta kariya a sitiyari, a dakata kafin a fara aiki, domin na'urarta tana riƙe wuta na ɗan lokaci. Toyota ta ƙayyade aƙalla daƙiƙa 90.

Daga nan a sauke sitiyari ƙasa idan mai saukowa ne, a kwance murfin da ya kewaye allon, a cire kusoshin da ke riƙe da shi, waɗanda yawanci uku ne ko huɗu. A jawo allon a hankali har hannu ya iya shiga bayansa. Idan akwai kebul na gudu, shi ake fara sakewa, sannan soket-soket. Robar tsohuwar mota ta sha rana, ƙarfi kaɗan ke fasa ta. Allon T3 yana da wata shuɗiyar leda mai layukan tagulla a bayansa, wadda ita ce wayarin allon gaba ɗaya. Tana yagewa da sauƙi, don haka ba a lanƙwasa ta, ba a jan soket da ƙarfi.

Daidaita wayoyi da sensa

Nan ne ainihin aikin yake. Kafin a cusa soket a sabon allo, a zana jadawali mai layi biyu, ɗaya na tsohon allo, ɗaya na sabo, a rubuta aikin kowace ƙafa. A fara tabbatar da uku: wutar batir mai zama kullum, wutar makulli, da at. Idan wuta ta shiga ƙafar da ba tata ba, allo na iya ƙonewa nan take. Inda aka sami saɓani, a zare ƙafar daga soket a mayar da ita gurbin da ya dace. Inda ya zama dole a haɗa waya, a liƙe da dalma a rufe da roba. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya jure girgizar hanya, kuma yana cikin abubuwan da ke jawo gobara a mota.

Juyin inji. A tsofaffin injunan fetur ana ɗauko saƙo daga ƙafar koyil mai alamar ragi, wadda a motocin Jamus ke da lamba 1. Dizal ba shi da koyil, don haka a motoci da yawa saƙon yana fitowa daga wata ƙafa a bayan altaneta mai harafin W. Da yake altaneta da bel take juyawa, girman fulinta yana shafar lissafi. Idan an taɓa sauya altaneta da wata iri, sai an saita agogon da na'urar awon juyi ta hannu.

Mai. Na'urar tanki tana aiki da sauya ƙarfin turjiyar wuta, wanda ake aunawa da om, kuma kowane kamfani da nasa tsari. A tsofaffin Toyota da yawa, tanki babu mai yana nuna wajen om 110, cikakke kuma wajen om 3. A tsarin VDO na Turai, babu mai om 10 ne, cikakke om 180. Tsofaffin motocin General Motors kuwa daga sifili suke farawa zuwa 90. Idan aka haɗa agogon wani tsari da na'urar wani, allura na iya tafiya a juye, ta nuna tanki cike alhali mai ya kusa ƙarewa. A auna na'urar da mita kafin a haɗa.

Zafi. Turjiyar sensar zafi tana raguwa yayin da ruwa ke ƙara zafi, kuma kowane agogo da sensar da aka yi masa. Motoci da yawa suna da sensa biyu: mai waya ɗaya ta agogo, mai waya biyu ta ƙwaƙwalwar mota. Ba a jona agogo a kan ta ƙwaƙwalwa, domin hakan yana ɓata lissafin man da inji ke sha. A tsofaffin Volkswagen akwai ƙaramar na'ura a bayan allo da ke ba agogon mai da na zafi bolt 10 daidai. Idan agogunan biyu suka yi ƙarya tare, ita ake fara dubawa.

Baƙin mai. Makunnin fitila ba ya iya tuƙa agogo, sai an sa sensa mai nuna adadi. A kula da zaren kusa, domin na Volkswagen, na Toyota da na motocin Amurka sun yi kama da juna amma ba ɗaya ba ne, kuma tilasta wanda bai dace ba yana lalata ramin da ke jikin inji. Kada a cire makunnin fitila don an sami agogo. A yi amfani da sensa mai ƙafa biyu, ɗaya ta agogo ɗaya ta fitila, ko a sa mahaɗi mai baki uku. Idan sensar tana da nauyi, a ɗaure ta a jikin mota a kai mata mai da tiyo mai jure matsi, domin girgizar inji tana karya dogon mahaɗi, baƙin mai ya tsiyaye cikin mintuna kaɗan. Sensa mai waya ɗaya ta zarenta take samun at, don haka ba a cika mata farar leda ta masu aikin famfo.

Fitilar caji. A tsofaffin motoci da yawa, ɗan wutar da ke tayar da altaneta ta cikin ƙwan fitilar caji take bi. Idan ƙwan ya mutu, ko aka sauya shi da ƙwan LED ba tare da ƙarin turjiya ba, altaneta na iya ƙin fara caji sai an taka totur sosai, ko ta ƙi gaba ɗaya. A Volkswagen wannan waya shuɗiya ce, tana zuwa ƙafar altaneta mai alamar D+.

Makullin tsaro da lissafin kilomita

Tun daga ƙarshen shekarun 1990, sababbin motocin Turai suna zuwa da na'urar tsaro wadda ke karanta lambar da ke cikin makulli. A wasu motoci, kamar Volkswagen Golf 4, na'urar a cikin allon agoguna take. Idan aka sa wani allo, inji zai tashi ya mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, har sai an gabatar da makulli ga sabon allon da kwamfuta. A bincika wannan kafin sayen allo, kuma kada a yar da tsohon, domin bayanan da ake buƙata suna cikinsa.

Lissafin kilomita ma a motoci da yawa cikin allo yake zama, don haka sabon allo zai zo da lissafin motar da aka ciro shi. Wannan ya shafi gyara, ya kuma shafi amana. Da lissafin ne ake sanin lokacin juye baƙin mai da na sauya bel ɗin taimin, wanda tsinkewarsa ke iya lalata inji. Da shi kuma mai saye ke kimanta kuɗin mota. A Amurka dokar tarayya ta hana taɓa lissafin da nufin yaudara tun 1972, kuma ta ce idan aka sauya agogo aka kasa mayar da lissafinsa daidai, a mayar da shi sifili, a manna takarda a jikin ƙofar hagu mai nuna tsohon lissafi da ranar aikin. Wannan tsari abin koyi ne a ko'ina. A saita sabon allo ya nuna ainihin tafiyar motar, ko a rubuta lissafin biyu da kwanan wata a ajiye tare da takardun mota. Rage lissafi don a ƙara wa mota kuɗi algus ne, kuma mai wayarin da ya yi shi yana da kaso a cikin alhakin.

Gwaji

Kafin a ɗaure allo da kusoshi, a jona shi, a mayar da batir, a bi waɗannan matakai.

A murɗa makulli. Duk fitilun da aka rubuta tun farko su kama: caji, baƙin mai, birki, inji, jakar iska. Wadda ta ƙi kamawa a duba ƙwanta, domin allon na hannu kan zo da ƙwan da ya mutu ko wanda aka cire.

A tayar da inji. Fitilar caji da ta baƙin mai su mutu cikin daƙiƙu kaɗan. A gwada siginar hagu da dama, da babbar fitila, da hasken allo.

A ɗora mita a kan batir a gwama da agogon wuta. A bar inji ya yi zafi har fanka ta tashi, a gwama agogon zafi da kwamfutar gwaji ko ma'aunin zafi na hannu. A ɗaura agogon makanike a ramin sensar baƙin mai sau ɗaya, a ga ko adadinsa ya zo ɗaya da na allo, sannan a duba ko akwai yoyo.

A fita hanya a gwama agogon gudu da manhajar awon gudu ta wayar hannu, mutum ɗaya yana tuƙi, wani yana dubawa. Agogon da ya ɗara gaskiya da ɗan kaɗan ba laifi, amma wanda ke nuna ƙasa da gaskiya haɗari ne. Sauya girman taya ma yana karkatar da shi. Daga ƙarshe a sha mai lita sananniya, a lura da motsin allura.

Idan ba a sami allon da ya dace ba

Akwai bas-bas ɗin da ba a taɓa yi musu cikakken allo ba. A nan sai a bar na asali, a ƙara agoguna ɗai-ɗai masu faɗin milimita 52, waɗanda ake sayarwa tare da sensarsu. A ba su wuta daga layin makulli ta fis na amfiya 5, a girke su inda ba za su tare wa direba hanya ba. Abu biyu ake gujewa: agogon amfiya da ke buƙatar dukan wutar caji ta ratsa dashbod, da agogon baƙin mai da ke shigo da mai zafi cikin mota ta siririn tiyo.

Abin da direba zai sani

Aikin bai cika ba sai an nuna wa direba inda kowace allura ke tsayawa idan mota tana lafiya. Idan zafi ya haura wurinsa, ya tsaya, kuma kada ya buɗe murfin lagireto sai inji ya huce. Idan matsin baƙin mai ya faɗi, ya kashe inji nan take. Idan wuta ta sauka ƙasa da bolt 13 ana tafiya, caji ya tsaya ko ya yi rauni, in kuwa ta haura 15, altaneta tana ƙona batir. Ya kuma sani cewa idan ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, sensa ba ta cikin ruwa, don haka allura na iya sauka alhali inji yana ƙonewa. Saboda haka duba ruwa da baƙin mai kowace safiya yana nan daram, ko da an sa agoguna shida.

Tambayoyi

1. Me ya sa fitilar baƙin mai ba ta isa ta kare inji ba?
2. Kawo sassa uku na kowane agogo.
3. Agogon inji mai silinda huɗu da aka sa a mai silinda shida yana nuna 3,000. Nawa ne ainihin juyin?
4. Allo yana nuna mil 100,000. Kilomita nawa ke nan?
5. Mene ne alaƙar ƙwan fitilar caji da altaneta?
6. Me ya kamata a yi da lissafin kilomita bayan sauya allo?

Aikin yi

Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya sami tsohon allo da mitar gwaji. Su gano ƙafar wutar makulli, da ta at, da ta agogon mai, da ta zafi, su zana jadawalinsu a takarda. Kada kowa ya jona wuta a allon sai malami ya duba jadawalin ya amince da shi.